Amsar Baffa kan mayar da sunan mamaci

Ɗana, barka da arziki. Allah ya raya mana yaron, ya ba mai jego lafiya. Ka ce su Gwaggo sun dage sai an mayar masa da sunan marigayi mahaifinka, har suna guɗa suna cewa Malam ya dawo, shi ne kake tambaya ko a al'adarmu mamaci yana sake rayuwa a jikin jika.

Ko kusa. Yaya, wato mahaifinka, yana barzahu har ranar tashin alƙiyama, Allah ya haskaka makwancinsa. Aya ta 185 a Ali Imrana ta yanke magana: kowane rai sai ya ɗanɗani mutuwa. Annabi Nuhu ya yi shekara 950 yana kiran mutanensa, shi ma ya tafi. Kwaɗayin tabbata kuwa tsohon tarko ne, don da zancen bishiyar dawwama Iblis ya yaudari Annabi Adamu, duba suratu Ɗaha. Dawwama ta lahira ce.

Maganar su Gwaggo ta kewa ce, kada ka riƙe su da ita. Abin da kakanninmu suka nufa shi ne kada sunan mutumin kirki ya ɓace a gidansa. Kai ba za ka iya kiran sunan ubanka gatsau ba, matarka ma haka, sai a yi wa yaron alkunya da Abba. To duk ranar da aka ƙwala masa kira a tsakar gida, wani zai tuna da mai sunan, ya ce Allah ya jiƙan Malam. Wannan addu'ar ake nema, kuma ni ina jin daɗinta har raina.

Manzon Allah (SAW) ya ce aikin mutum yana yankewa da mutuwarsa sai abu uku: sadaka mai gudana, ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Nana Asma'u ta rasu a 1864, amma har gobe ana karanta waƙoƙin da ta koyar da mata ɗalibanta, 'yan taru, da su. Sunan kawai ba ya kai lada kabari, sai an haɗa da tarbiyya.

Ba wajibi ba ne, kai ne uba, zaɓi naka ne. Amma da ni ne, sunan Yaya zan raɗa masa. In ya yi wayo ka sa shi allo, ka riƙa ba shi labarin kakansa. Rijiyar nan da Yaya ya haƙa a ƙofar gida kuma tana son yasa, ka turo mu haɗa kuɗin kafin damina.