Amsar Malam Injiniya Kan Ginin Ƙarfe

Assalamu alaikum. Alhaji, na saurari tambayarka a kan ko rodin da muke sakawa a dakin, wato rufin kankare, shi ne ginin ƙarfen da Turawa suke alfahari da shi, kuma ina ganin abin da kake son sani shi ne dalilin da ya sa benayensu suka kere namu. Rodi yana kwance ne a cikin kankare yana taimaka masa, amma a ginin ƙarfe ginshiƙai da gadoji na ƙarfe ne suke ɗauke da nauyin duka, bango kuwa sutura ce kawai.

Kafin haka bango ne yake ɗaukar kaya, kamar yadda ka sani a soron ƙasa, inda tsawon azara yake yanke faɗin ɗaki, sai gwanin magini ya nemi mafita da bakan gizo. A birnin Shikago na Amurka akwai bene mai hawa 16 na shekarar 1891, wanda kaurin bangonsa daga ƙasa ya kai ƙafa shida, saboda bulo ne ya goya shi. Abin da ya sauya lamarin shi ne dabarar Henry Bessemer ta 1856, ta hura iska cikin narkakken ƙarfe domin ƙone dattinsa, wadda ta karya farashin tataccen ƙarfe. A 1885 aka kammala benen wani kamfanin inshora mai hawa 10 a Shikago a kan ƙashin ƙarfe. To, bari in gyara magana, ba dukansa ne tatacce ba, benayen sama ne suka samu. Haka hasumiyar Ifel ta Faransa, wadda aka kammala a 1889, ba da tataccen ƙarfe aka yi ta ba.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan harka. Ku je wurin shaƙatawa na Gamji a Kaduna ku ga gadar ƙarfe ta Gwamna Lugga da aka kafa a Zungeru a 1904 kafin a ɗauko ta zuwa Kaduna, tana nan daram. Matsalarmu ita ce an fara gina kamfanin ƙarfe na Ajakuta tun 1979, amma har yau yawancin manyan ƙarafan gini daga waje ake shigo da su, shi ya sa muka liƙe wa siminti da rodi.

Rodin ma ba a bar shi lafiya ba. Shekarun baya wani ɗan kwangila ya kawo mini mai milimita 10 a madadin mai 12, ya rantse cewa duk ɗaya ne, na ce a auna a gabansa, ya yi fushi ya kai ƙarata wurin mai gida. Har yanzu idan muka haɗu a kasuwar Panteka sai ya kau da kai.