Ma'anar kalmar sledgehammer da inda ta samo asali

Ɗan'uwa, ka tambaya me Turawa ke nufi da sledgehammer, kuma ko tana da dangantaka da sledge, abin nan da ake ja a kan ƙanƙara. Ba su haɗa komai ba, kamannin suna ne kawai. Na kan ƙanƙarar daga harshen Holan ya shigo Turanci.

Sledgehammer ita ce ƙatuwar gudumar nan mai doguwar ƙota, wadda sai an kama da hannu biyu, irin ta masu fasa dutse da masu rushe gini. Ka ga mutum ya ɗaga ta sama da kansa, ya sake ta da nauyinta, dutse ya dare gida biyu.

Abin da ya fi burge ni shi ne tushenta. A tsohon Turanci ana cewa slecg, wato babbar guduma, daga aikatau slean, bugu. Daga nan kalmar slay, kisa, ta fito, kuma Jamusawa har gobe suna cewa schlagen idan za su ce a buga. Wajen ƙarshen ƙarni na 15 aka liƙa wa wannan slecg, wadda ta rikiɗe ta koma sledge, kalmar hammer, wato guduma, sai ta zama tamkar ka ce gudumar guduma.