Zafi Ke Fitar da Boris, Ba Guduma Ba

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da ƙaramin jirgin sama mai rimot wanda injinsa ke shan man mitanol. Na ajiye shi tun farkon damina, yanzu kuma idan na juya farfelar da hannu sai in ji kamar akwai yashi a ciki. Wani bakanike ya ce a fitar da boris ɗin da guduma. Shin in yarda? Daga wani mai karatu a Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam. Don Allah kada ka bari guduma ta kusanci injin nan. Abin da kake ji tsatsa ce, domin mitanol yana zuƙar laima daga iska, kuma ragowar man da ya kwana cikin injin tsawon daminar Jos ya isa ya cinye boris na baya, wato babban cikin guda biyun da karanshaf (sandar da ke juya farfela) ke juyawa a kansu. Sauya su duka biyun, bayan ka auna faɗin ramin, faɗin waje da kaurin kowanne da milimita.

Ka fara da cire fulogi, kafireto, kan injin da murfin baya, sannan silif (bututun da fistan ke kai-komo a cikinsa), fistan da sandarsa, daga ƙarshe karanshaf. Ka yi wa kowanne alamar ɓangaren da ke kallon gaba, saboda mayar da su a juye yana lalata inji. Kada ka bar roba ko ɗaya a jikin gangar injin, domin za ta shiga zafi.

Sirrin aikin shi ne, gangar injin alminiyam ce, boris kuwa ƙarfe ne, kuma idan suka ji zafi alminiyam yana buɗewa kusan ninki biyu na yadda ƙarfe ke buɗewa. Saboda haka ka sa gangar cikin obin mai zafin digiri 120 zuwa 150 a ma'aunin Celsius na kimanin minti 10, ka ɗauko ta da safar hannu mai kauri, ka ɗan buga bayanta a kan katako, za ka ga boris na baya ya faɗo da kansa. Na gaban kuma sai ka turo shi daga ciki da siririn itace. Ni ban son a yi amfani da harshen wuta, domin yana gasa gefe guda ya bar ɗayan.

Sababbin kuwa ka sanyaya su a firiza tukuna. Zura na baya a jikin karanshaf, ka sake ɗumama gangar, ka shigar da su tare domin karanshaf ɗin ya daidaita masa zama, sannan ka sa na gaban, kana danna zoben waje kaɗai. Idan ya cije, ƙara zafi za ka yi, ba ƙarfi ba.

Daga yanzu, duk ranar da ka gama tashin jirgin, cire tiyon mai ka bar injin ya ƙone abin da ya rage har ya mutu, sannan ka ɗiga masa man kariya daga tsatsa ta bakin kafireto, ka juya farfelar sau da yawa kafin ka ajiye shi a wuri busasshe.