Zazzaɓi da tari ga mai sankarar jini: amsoshin likita

Tambaya: Likita, wanda ake yi wa kemo (maganin sankara) zai iya karɓar 'yan dubiya?

Amsa: Zai iya, ban da mai mura ko tari. Kowa ya wanke hannu kafin ya shiga.

Tambaya: Ɗana yana da sankarar jini, kwana 10 ke nan da yi masa kemo. Jikinsa ya yi zafi, yana ɗan tari. Mun ba shi farasitamol, an kuma ce mu turara masa garin magani. Mu jira ranar ganin likita?

Amsa: Hajiya, don Allah kada ki jira. Ku tafi asibiti yanzu, ko da tsakar dare ne. Tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan kemo fararen ƙwayoyin jinin da ake kira nutrofil suke yin ƙasa sosai. Idan suka gaza 500 a gwajin jini, zafin jiki kuma ya kai digiri 38.3, ko ya tsaya a 38 har awa guda, so muke a fara allurar kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya cikin awa ɗaya da isowarsa.

Kada ƙanƙantar tarin ta rage miki tsoro. Nutrofil ɗin ne ke haɗa majina da mugunya, to tunda babu su, huhu na iya kamuwa sosai ba tare da kaki ba. Farasitamol kuwa ɓoye zazzaɓin kawai yake yi.

Maganar turare ita ta fi ɓata min rai. Busasshen ganye da gari kan ɗauki ƙurar fumfuna, irin su Aspergillus, kuma kai tsaye za ki aika ta cikin huhun yaron da ba shi da kariya. Ku daina, ku kai shi asibiti.

Tambaya: Hoton ƙirjin matata ya fito lafiya, amma kwana 5 tana kan allura zazzaɓi bai sauka ba. Me ya sa aka ce sai an yi CT (hoton da ke nuna cikin jiki dalla-dalla)?

Amsa: Malam, hoton ƙirji kan kasa nuna cutar ga irinsu, CT ya fi gani. Zazzaɓin da ya wuce kwana 4 zuwa 7 duk da allura yana sa mu zargi fumfuna, sai a ƙara magani kamar voriconazole ko amphotericin B. Kada ku nemi sallama yanzu.

Tambaya: Zan iya daina shan maganin Septrin tunda ba na tari?

Amsa: A'a. Rigakafin wata nimoniya ce (ciwon huhu) mai hatsari. Sai likitanka ya ce ka daina.