Ina so in yi wa 'yata bazde na zane-zane, amma ina tsoron surutun dangin miji

Assalamu alaikum Anti,

Ina gaisuwa, ya aiki, ya iyali? Allah ya saka da alheri kan shawarwarin da kike ba mu. Don Allah ki sakaya sunana.

Ni matar aure ce, muna zaune a Badarawa, a gidan haya mai sassa huɗu da tsakar gida ɗaya. 'Yata ta fari za ta cika shekara 5 a watan Disamba. Sunan mahaifiyar maigidana ta ci, shi ya sa muke ce mata Ummi. Anti, yarinyar nan ba ta da abin so kamar zane. Duk takardar da ta faɗo hannunta sai ta cika ta, har bayan takardar kuɗin wuta. Bangon ɗakinmu kuwa ba a magana.

To na gani a waya yadda wasu ke yi wa yaransu bazde: a tara yara a ba su takarda da fenti da gam, kowa ya ƙera abinsa ya tafi da shi gida. Abin ya shiga raina, don na san babu abin da zai faranta wa Ummi kamar wannan.

Matsalar ita ce, a watan Agusta facalata ta yi wa ɗanta nasa a hol a Unguwar Rimi. An kawo mai kiɗa, an kawo wannan gidan iskar da yara ke tsalle a ciki, kek hawa uku, kowane yaro ya tafi da jaka mai hoton ɗan. Har yau ba a daina zancen ba a zauren WhatsApp na dangi. Da na faɗa wa ƙanwar maigidana abin da nake shiryawa, dariya ta yi, ta ce, "Wato 'ya'yan mutane za ki tara ki sa su aikin makaranta?" Wallahi maganar ta tsaya mini. Abin da nake da shi Naira 40,000 ne na ɗaukar adashi, ina tsoron a ce rowa ce ta sa na fake da zane.

Sannan yaran unguwarmu suna da yawa, da sun ji motsi za su cika gidan. Ga ƙaninta mai shekara ɗaya da rabi, komai ya gani sai baki. Ban ma san irin fentin da zan saya ba.

Na yi wa Abban Ummi magana, bai ce e ba bai ce a'a ba, cewa kawai ya yi kada in yi abin da zai ɓata wa Hajiya rai. Ita kuwa Hajiya ko bikin facalata ba ta je ba, ta ce ba al'adarmu ba ce, almubazzaranci ne. Tunda a Tudun Wada take, na yi tunanin in yi abina shiru ba tare da ta sani ba.

Anti, in yi ko in fasa? In zan yi, ta ina zan fara?

Daga Maman Ummi, Badarawa, Kaduna.

Wa alaikumus salam Maman Ummi,

Allah ya raya Ummi da ƙaninta, ya shirya mana su baki ɗaya.

Zan fara da abin da kika ajiye can ƙarshe kamar ba komai ba, wato ɓoye wa Hajiya. Ki cire wannan daga ranki. Kafin ki gama sharar tsakar gida hoto ya isa Tudun Wada, in ma bai isa ba, Ummi da bakinta za ta kwashe labarin ta ba takwararta ranar da kuka je gaisuwa. Kuma maigidanki ya ba ki amsa, ke ce kika ɗauke ta a matsayin shiru. Sharaɗi ya gindaya miki. Shi za ki sa a gaba ku je tare, shi ya buɗe maganar, don ya fi ki sanin ta inda ake shigar wa mahaifiyarsa.

Game da hukuncin bikin ranar haihuwa, malamai sun saɓa: akwai masu hanawa gaba ɗaya, akwai masu ganin al'ada ce da babu laifi matuƙar ba a cakuɗa ta da saɓo ba. Ba a shafin nan za a raba wannan gardama ba, kowane gida yana da malamin da yake bi. Amma ki kula da kalmar da Hajiya ta yi amfani da ita, almubazzaranci. Abin da kike shiryawa babu hayar hol, babu kiɗa, babu hura kyandir. Ku faɗa mata haka dalla-dalla. In ranar ce ta tsaya mata, ku ɗaga zuwa wata Asabar cikin hutun makaranta, a yi shi a matsayin walimar yara, a buɗe da addu'a, a fitar da sadaka. Yarinya 'yar shekara 5 ba kalanda take dubawa ba. In kuwa ta ce a'a, shi ma ya tsaya a kan a'a, ki haƙura da taron, ki sayo wa Ummi kayan zanenta ta yi da yaran gidanku. Taron awa biyu bai kai ki ɓata da suruka a kansa ba.

Ni dai da ni ce, roƙonta zan yi ta zo. Matan da suka kai shekarunta da hannunsu suka yi kayan wasansu: 'yar tsana, tukwanen laka na dafa tuwon ƙasa, ƙaramin faifai, 'yan'uwansu maza kuma motar kara. Ku ce mata kishiyarta ce ke son a koya mata yadda ake yi a da. Disamba an gama girbin dawa, kara ba ya wahalar samu. Sai dai ɓawon kara yana yanka sosai, babba ne zai ɓare ya yayyanka, yara su haɗa da totuwar mai laushi.

Batun facalarki ba zan daɗe a kai ba, ke kin daɗe isasshe. Ta yi daidai ƙarfinta, Allah ya sanya alheri. Daidai ruwa daidai tsaki. In kika ce za ki kamo ta da Naira 40,000, za ki ƙare da bashi, kuma masu dariyar ba za su fasa ba, cewa za su yi kek ɗinki hawa ɗaya ne. Kuma mu faɗi gaskiya, yawancin irin wannan fati na hol na iyaye ne. Mai bikin kan ƙare a bayan uwarsa yana kuka saboda ƙarar lasifika da zafin kaya.

Yanzu ga aikin.

Kada yaran da za su zauna aikin hannu su wuce goma, kuma su kasance tsakanin shekara 4 zuwa 7. Ki fara da na gidanku, tunda tsakar gidan taku ce ku duka, kuma ki sanar da matan sassan tun da mako guda. Yara za ki gayyata, ba iyayensu ba, in ba haka ba za ki wayi gari kina dafa wa mata ashirin shinkafa. Manya uku sun ishe ki: ɗaya a kan fenti, ɗaya a kan ruwa da wanke hannu, ɗaya a bakin ƙofa. Ki ja kunnen iyayen da babbar murya cewa tsofaffin kaya za a sa wa yara. Mun san halinmu, da an ji fati sai a ciro kayan Sallah, yarinya ta koma gida da fenti a leshi, uwarta ta riƙe ki a rai. Tsofaffin rigunan Abban Ummi ma za su yi amfani, a zura wa kowa a sama.

Ki fara bayan la'asar, ki sallami kowa kafin kiran magariba. Awa biyu ke nan ko ƙasa da haka, kuma ya isa, don yaro mai wannan shekaru ba ya jimawa a kan abu ɗaya.

Babban abin da nake ba ki shawara shi ne asusun ƙasa. Ki je wurin masu tukwane, ko a Kasuwar Barci ko kasuwar Kawo ranar Talata, ki sayo ƙanana, ki ƙara biyu ko uku a kan adadin yaran saboda wani zai fashe. Ana gobe taron ki goge ƙurarsu ki shafa musu farin fenti, don launi ba ya fitowa sosai a kan jan yumɓu, sannan ki rubuta sunan kowane yaro a gindin nasa. Yumɓu yana shan fenti, da iskar hunturu kuma kafin su gama cin abinci ya bushe. Shi ne abin yi, shi ne kuma kayan rabo, kin huta da buga jaka mai hoto. Kafin su tafi ki ba kowa Naira 20 ya jefa a ciki, amma ki fara sa su juya bayan takardar. Matar da ke gina tukunya a wurin ita ce Ladi Kwali, wadda ta rasu a 1984, kuma ginin tukwane ne ya kai ta har kan kuɗin ƙasa. Ƙanwar mijinki ma kina iya nuna mata, cikin raha.

Da yake ba lokaci ɗaya za su iso ba, ki tanadi abin da zai riƙe na farko. Ki farke manyan kwalaye ki shimfiɗa, ki manna farar takarda a kai. Ki yanka kuɓewa a tsakiya, in aka tsoma a launi aka danna tana fitar da fure. Dankalin Turawa in an raba shi biyu ana iya sassaƙa tauraro ko dagi a jikinsa. Ganyen darbejiya da tafin hannunsu ma duk hatimi ne. Wannan ya kuma raba ki da wata magana, don akwai gidajen da ba sa son zanen abu mai rai. Fure, gida, mota, wata da tauraro ba mai cewa komai.

Fenti kuwa, na asusu ki sayi na ruwa irin na 'yan makaranta a shagon masu sayar da littattafai, a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ba za ki rasa ba. Ja, shuɗi, rawaya da fari sun wadatar, sauran a haɗa: shuɗi da rawaya su ba da kore, ja da fari su ba da ruwan hoda. Kada ki yarda wani ya kawo miki ragowar fentin gida ko na mota wai don sauƙi. Wasu suna ɗauke da gubar dalma mai taɓa ƙwaƙwalwar yara, kuma sai da kananzir suke fita daga fata. Na takarda kuma kicin ɗinki ya isa. Zoɓo mai kauri ba sukari yana ba da ja, kurkum yana ba da rawaya, gawayin da aka daka yana ba da baƙi, ki ɗan kaurara su da kullun sitaci. Sitacin nan dai shi ne gam ɗinki. In kina so ki ga yara sun buɗe baki, ki jiƙa 'yar kanwa, su ɗiga a kan zanen zoɓo su ga ya juye ya yi duhun kore, na kurkum kuma ya koma ja. Ruwan kanwar ya zauna a hannun babba, kuma kada a zuba zoɓon zane a kofin da ake shan na sha, ki sa shi a murafan robobi.

Abu ɗaya zan roƙe ki: kada manya su karɓe buroshi. Za ki ga yaro ya cakuɗa launuka asusunsa ya koma kalar taɓo, hannunki na ƙaiƙayi ki gyara. Ki bar shi. Kada kuma a yi gasar wanda ya fi iyawa, mutum ɗaya zai yi murna tara su yi kuka.

Lalle ki bar shi sai wani lokaci. Yana hana hannu aiki kafin ya kama, baƙin nan kuma da ake haɗawa da sinadarin rinin gashi yana iya tayar wa yaro da ƙuraje har ya kumbura.

Ƙanin Ummi yana buƙatar mutum guda da ba shi da wani aiki sai shi, ko a goya shi, ko a kai shi sashen maƙwabciya. Duk abin da ya kai ƙanƙantar tsakiya, maɓalli, gyaɗa, gugguru, alawa mai tauri ko yagaggen balan-balan yana iya shaƙe yaron da bai kai shekara 3 ba. Saboda haka ki cire tsakiya daga shirin gaba ɗaya. Duk abin da ke buƙatar yanka ki yanke shi da daddare, ranar kada almakashi ko reza su fito tsakar gida.

Yaran unguwa za su zo, wannan babu makawa, kuma korarsu da tsawa zai bar miki baƙin jini. Ki ƙulla cincin da alawa a leda kamar talatin, mai tsaron ƙofa ya riƙa miƙa wa kowa da fara'a. Ga sadakar da aka yi wa Hajiya alkawari ta fita ke nan. In da sauran kwali, a shimfiɗa ɗaya a zaure da alli ko gawayi su ma su zana.

Abinci kada ya ci miki kuɗi: dafa-duka tukunya ɗaya, fanke ko cincin, zoɓo ko kunun aya, da ƙaramin kek in an amince da shi. A wanke hannu da sabulu kafin a ci. Da asusu da fenti da takarda da abincin, kuɗinki zai iya ɗauka in kin riƙe adadin yaran, amma ki zaga kasuwa ki ji farashi kafin ki furta wa kowa gayyata.

In kin ɗauki hotuna, ki tambayi iyaye kafin ki ɗora 'ya'yansu a waya, ba kowa ke so ba. Ɗan facalarki kuma ya kasance cikin na farkon da za ki gayyata. Ki kira uwarsa da kanki ki faɗa mata irin taron da kayan da za ta sa masa, kada ta ji a bakin wani.

Taku,
Anti