Ku Tambayi Anti: ɗiyata tana kuka a kan littafi

Tambaya: Anti, barka da aiki. Ɗiyata shekararta 15, bana za ta rubuta BEPC, jarrabawar kammala kolej. Shekaranjiya da dare na tarar da ita cikin gidan sauro da wayata tana kuka. Ashe littafi take karantawa a WhatsApp, labarin wata yarinya da aka kawo birni karatu hannun gwaggonta, aka mayar da ita 'yar wanke-wanke, aminiyarta kuma ta juya mata baya. Da na yi faɗa sai ta ce, "Inna, ba za ki gane ba." In hana ta ne? Wata uwa daga Bagalam, Maraɗi.

Amsa: 'Yar'uwa, kar ki hana ta tukuna. Wannan kukan na san shi. Ina kolej muke hayar littattafan da ake kawowa daga Kano ta Jibiya da Ɗan Isa, wajen wani mai tebur kusa da babbar kasuwa. Cikin kayen lissafi nake ɓoye nawa. Akwai ɗaya da bangonsa ya cire, an ɗinke shi da zaren buhu, shafin da mahaifin yarinyar ya cire ta daga makaranta duk tawadar ta jiƙe, don ba ni kaɗai na zubar da hawaye a wurin ba. Lokacin ana maganar aurar da yayata, kuma ba wanda ya zauna ya yi mana bayani. Littafin nan ne kawai ya faɗi abin da ke cina.

Shi ya sa maganar ɗiyarki ta tsaya mini a rai. Yarinya a shekarun nan ba ta iya cewa "ƙawata ta ci amanata" ko "ina tsoron faɗuwa jarrabawa" a gaban uwa, kunya ba ta barinta. Sai ta sami wata a labari mai irin ciwonta, ta yi kukan a can.

Ban ce duk abin da ke yawo a waya alheri ba ne. Akwai na batsa tsagwaronta, ga shi babu mai tace su. Amma hani kaɗai ba ya magani. A 2007 an ƙona littattafan Hausa a bainar jama'a a Kano, karatun bai tsaya ba, daga baya ma ya koma waya, inda ido bai kaiwa.

Ki ce ta karanta miki babi ɗaya kina tsinke zogale. Kada ki katse ta. In ta kai inda muryarta ta yi rawa, ki tambaye ta a hankali ko a lakwal akwai mai yi mata haka. Wayar kuwa ta dawo hannunki bayan isha'i har a gama jarrabawa, ranar Lahadi ku ci gaba daga inda kuka tsaya.