Amsa: hankalina yana tafiya in ina gudu, matsala ce?

Wa'alaikumus salam ɗan uwa. Ka ce da ka yi minti goma kana gudun safe sai hankalinka ya tafi shago, ya tafi kan bashin da kake bi, har ka dawo gida ba ka san ta ina ka bi ba. Gaskiya ba wata matsala ba ce, kusan duk mai dogon gudu ko tuƙa keke haka yake, da ƙafa ta saba ba ta jiran umarninka, hankali kuma ya samu sarari sai ya shiga yawo. Ni yawancin rikicin aiki a nan nake warware shi.

Abin lura shi ne a ina, kuma wane irin gudu. A 1977 wasu masana a Amurka, Morgan da Pollock, sun bincika 'yan gudun fanfalaki, mai kilomita 42 ɗin nan, suka ga ƙwararru jikinsu suke saurara, numfashi da ƙafa, su kuwa irinmu da ba ƙwararru ba mun fi kai hankali wani wuri don mu manta da wahala. To in gudun a hankali ne a cikin fili kana ta zagaye, sake hankalin kawai ya tafi. Ni muraja'a nake yi a zuci, kuma ta zame min ma'auni, da na ji aya tana kakkatsewa na kasa haɗa ta da ta gaba to na san na ƙara wuta ban sani ba, sai in sassauta.

Titi kuwa daban ne wallahi. Bayan asuba lokacin hunturu, ga hazo, ga mai adaidaita sahu ba fitila ya biyo hannun da ba nasa ba, ga kwalbatin da aka ɗauke murfinta, nan ba wajen lissafin kuɗin makarantar yara ba ne. Ka riƙa fuskantar motocin da ke zuwa, in dole sai ka sa abin kunne to kunne ɗaya. Dabarata ita ce duk inda na wuce gidan mai ko shataletale sai in leƙa jiki, kafaɗa ta ɗage? na dunƙule hannu da ƙarfi? gwiwa fa? Sakan biyar ya isa, in koma tunanina.

Sai zafin Maris da Afrilu, da zafin Kano kan haura digiri 40. In ka ji jiri, ko tsikar jiki tana tashi alhali rana na dukanka, ko tunanin ya dagule ka rasa ina ka dosa, wannan ba yawon hankali ba ne, tsaya nan take ka nemi inuwa da ruwa, in bai lafa ba a kai ka asibiti.

Kai a fili kake yi ko a titi?